Yadda za ka haɗa lissafin shan naitirojin na fitofilankton a Excel

To 'yan uwa masu furojet a ABU, musamman masu aiki da ruwan dam ɗin Kubanni, ba sai kun nemo wata manhaja mai tsada ba wallahi, Excel kawai ya isa. Fitofilankton dai ƙananan tsirran ruwa ne da ido ba ya gani sai sun yi yawa ruwan ya koma kore shar, kuma takin da damina ke wankowa daga gonaki yana cikin abin da ke ciyar da su.

Fara da lissafin Michaelis-Menten, wanda masanin teku Dugdale ya ɗora kan fitofilankton a 1967:

V = Vmax × N / (Ks + N)

V saurin shan naitiret ne, wato nau'in naitirojin da tsirran ke sha, N yawan naitiret ɗin a ruwa, Vmax iyakar saurin sha, don ko an cika ƙwarya da fura maƙogwaro ba ya wuce ƙarfinsa. Ks kuma yawan naitiret ɗin da saurin sha ke kai rabin Vmax.

Yanzu yi layi huɗu a tsaye, lokaci, N, P wato naitirojin da ke jikin tsirran, sai V. N da P lallai su zama ma'auni ɗaya. A kowane taku ka lissafa V × P × tazarar lokaci, ka cire shi daga N ka ƙara wa P, sai ka ja shi ƙasa. Ka sa tazarar ta zama 0.1 na kwana, in ka ga N ta faɗa ƙasa da sifili to takun ya yi faɗi, rage shi. Kuma ka riƙa haɗa N da P, tunda ba mu sa mutuwa ko mai cin su ba dole jimillar ta tsaya cak, in tana motsi akwai kuskure a fomula.

Abin da na fi damuwa da shi Ks ne. Don Allah kar ka kwaso na teku ka liƙa wa ruwan Samaru. Ɗebo ruwan ka raba a kwalabe, kowacce da nata yawan naitiret, ka ajiye a haske iri ɗaya ka auna abin da ya ragu, sannan Solver, wato kayan aikin Excel mai nemo lambobin da suka fi dacewa da awonka, ya fitar maka da Vmax da Ks. Auna amoniya ma, wato wani nau'in naitirojin ɗin, in tana nan takan danne shan naitiret.

In kuma tsirran sun ci gaba da yaɗuwa bayan N ta ƙare, ajiya suka yi a cikinsu, nan sai ka koma tsarin masani Droop na 1968, mai lissafi da wannan ajiyar, ka ƙara mata layi na biyar.