Yadda Za Ka Gane Abin Da Ke Ƙyalli a Sararin Sama da Dare

Kafin ka buɗe wata manhaja, tsaya wuri guda ka daidaita hasken da kake kallo da kan falwaya ko kusurwar soro, ka jira minti biyu. Idan ya gusa a gabanka, ba tauraro ba ne. Jirgin sama yana da fitilu ja da kore da fari, wasunsu masu kunnawa da mutuwa. Tashar sararin samaniya ta ISS kuwa, wadda ke nisan kusan kilomita 400, farin haske ce mai tafiya sumul ba ƙara, ta ratsa sama cikin 'yan mintuna. Bayan magariba ko gabanin asuba ake ganinta, domin hasken rana take maidowa, kuma takan ɓace a tsakiyar tafiya idan ta shiga inuwar duniya.

Idan bai gusa ba, duba ko yana ƙyaftawa. Taurari na gaske suna da nisa har haskensu yake iso mana a matsayin ɗigo ɗaya, sai iska mai zafi da mai sanyi su yi ta karkatar da shi. Duniyoyi irin su Zuhura da Mushtari sun fi kusa, suna da ɗan faɗi, shi ya sa haskensu yake tsaye. Inda ake kuskure shi ne kusa da bakin sama: a can iska ta fi kauri, har duniya ma takan yi rawa. Dunƙule hannu ka miƙa shi gabanka, faɗinsa kusan digiri 10 ne. Abin da bai kai dunƙule biyu daga bakin sama ba, kada ka yanke masa hukunci tukuna.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne Shi'ira, tauraron da aka ambata a Suratun Najmi, mafi haske cikin taurarin dare. Da hunturu, idan yana fitowa ta kudu maso gabas, yakan yi walwali da shuɗi da ja da kore har a ɗauka jirgi ne ya tsaya cak. Nemi taurari uku da ke jere reras, ka bi layinsu ta ɓangare ɗaya, za ka faɗa kansa. Ta ɗaya ɓangaren kuma za ka kai ga Kaza da 'Ya'yanta. A Kano, wajen ƙarfe 9 na dare a watan Fabrairu, Shi'ira yakan hau kusan dunƙule shida ta kudu, launukan su ragu. Can ƙasa da shi, kusan dunƙule biyu da rabi daga bakin sama, akwai Suhailu, na biyu a haske.

Zara matar wata da Gamzaki abu ɗaya ne, wato Zuhura: wasu watanni tana yamma bayan magariba, wasu tana gabas da asuba. Ba ta nisa da rana fiye da digiri 47, don haka haske mai ƙarfi da ba ya ƙyaftawa a tsakar ka da tsakar dare galibi Mushtari ne. Madubin hangen nesa mai ido biyu na 10x50, wato mai ƙara girman abu sau goma, idan ka jingina gwiwar hannu kan katanga, zai nuna maka watannin Mushtari har huɗu a jere. Duniyoyi duk hanyar rana da wata suke bi, saboda haka abin da ke can ƙuryar kudu ko arewa ba ya cikinsu.

Sai yanzu ka tabbatar ta hanyar Stellarium, manhajar waya mai nuna taswirar taurari. Kunna jan haskenta, domin ido yana buƙatar kusan minti 20 kafin ya saba da duhu, farin hasken waya kuma yana rusa wannan nan take. Nisanci mota da ƙofar ƙarfe, suna karkatar da kamfas ɗin wayar har ta nuna maka tauraron da ba shi ba. Daren da hazo ya yi kauri kuwa, Suhailu ma yakan dushe, gara ka jira ya lafa.