Yadda Ake Gane Gajeren Labarin Barkwanci Mai Kyau Kafin a Tura wa Wani

Kar ka yanke hukunci da karatun zuci. Karanta shi a bayyane, a zaure bayan isha'i, gaban mutum biyu ko uku. In sai ka tsaya ka yi bayanin abin dariyar, labarin bai nuna ba.

Sannan duba inda marubucin ya ajiye kalmar da ke tayar da dariya. Wurinta ƙarshen jimla ne. Duk abin da aka ƙara bayanta tamkar zuba ruwa ne a kunun da ya riga ya yi daidai, kuma nan sababbin marubuta suka fi tuntuɓe. A shafi ɗaya ko biyu, mutum biyu masu saɓanin hali sun wadatar. Dubi Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana malami a Midil ta Katsina: armashinsa ramuwar gayya ce tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kowa na jiran ranar da zai rama.

Wajen turawa, zaɓi labari ɗaya tak. Kar ka faɗi ƙarshensa, kar kuma ka cika kurantawa, don yabo mai yawa kan rage daɗi.

Lura da mai karɓa. Tsokanar Bakatsine da Banufe wasa ce tsakanin abokan wasa, amma a zauren WhatsApp mai surukai da dattawa tana iya zama cin fuska. Labarin da ya yi wa naƙasa ba'a kuwa, bar shi inda ka gan shi.