Idan An Kira Ka Gefen Gadon Majinyaci, Malam

Limamin da aka kira ɗakin majinyata ya sani cewa wasu sun riga shi fara aiki a wurin. Likita ya duba, nas ta ɗaura ruwa, an rubuta abin da majinyaci zai ci da wanda aka hana shi. Shi ya sa ni ba na wucewa gado kai tsaye. Teburin nas-nas nake fara tsayawa, in yi sallama, in ce, "Sista, na zo duba mai gado kaza, akwai abin da aka hana a ba shi?" Daga nan in wanke hannu. Idan na tarar likitoci suna zagayen safe, sai in jira su gama.

Tambayar nan ta abin da aka hana ita ce ta fi kowace nauyi. 'Yan'uwa za su miƙo maka gorar rubutu, ko ruwan Zamzam, ko zuma da habbatus sauda, su ce ka tofa a ba shi. Niyyarsu kyakkyawa ce. Amma wanda za a shiga da shi tiyata ana hana shi abinci aƙalla awa 6, ruwa kuma awa 2, a asibitocinmu ma sau da yawa tun tsakar dare ake tsayar da komai. Dalilin shi ne, idan allurar barci ta kama shi, abin da ke ciki na iya dawowa ya faɗa huhu. Mai ciwon ƙoda auna masa ruwan sha ake yi, mai ciwon suga kuwa zuma na ɗaga masa suga. Wanda bai cikin hayyacinsa, ko cokali ɗaya kada a ɗura masa. A irin wannan hali ka karanta Falaƙi da Nasi, ka tofa a tafin hannunka, ka shafa masa a inda babu rauni ko bandeji, kamar yadda Nana Aisha ta ruwaito daga Annabi (SAW). Gorar a ajiye ta har likita ya ba da izini, kuma kai ne za ka faɗa wa dangi haka, domin daga bakinka sun fi karɓa.

Kada ka nemi likita ya gaya maka ciwon mutum sai da yardar mai ciwon. Amana ce a wuyan likita. Kai ma za ka ji abin da shi bai ji ba: wani zai raɗa maka cewa ya daina shan magani don kuɗi sun ƙare, wata ta ce tana shan jiƙo a ɓoye. Ce masa, "Baba, ka yarda mu gaya wa likita tare?" Yawancinsu suna yarda idan sun ga za ka tsaya kusa da su.

Batun azumi ne ya fi nuna yadda ake raba aikin. Likita ne ya san ko azumi zai cutar, kai ne ka san hukunci. Dattijo mai allurar insulin zai ji likita ya ce ya ajiye azumi, ya gyaɗa kai, gobe ya tashi da azuminsa, saboda a ransa likita ba malami ba ne. Ku zauna ku uku. Likita ya faɗi haɗarin, kai ka karanta masa aya ta 184 da 185 a Suratul Baƙara, ka bayyana masa ramuwa da ciyarwa. Ka kuma sanar da shi cewa gwajin suga da ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi, kuma likitocin suga sun ce idan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a na'urar, a sha ruwa nan take. Haka sallah: mai robar fitsari ko filasta yana jin kunyar tambaya. Koya masa taimama da shafa a kan bandeji, da hadisin Imrana bin Husaini, a yi a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kwance.

Wani wurin kuma aikinka shi ne ka hana a tafi. Mai juna biyu ta fara jijjiga, dangi sun ce iska ce, suna son sa hannu su fitar da ita zuwa wurin ruƙiyya. Wannan jijjigar hawan jini ke kawo ta, tana kashe uwa da ɗa, kuma akwai allurar da ke tsayar da ita. Ka ce musu, "Addu'ar a nan zan yi ta, a bar likita ya yi nasa." Ka tsaya daga gefen kai, kada ka tare wa masu aiki hanya.

Idan majinyacin Kirista ne, ka gaishe shi da jiki, ka tambaye shi ko a kira masa fasto. Ni lambar faston asibiti tana cikin wayata, tawa ma tana cikin tasa.

Idan ciwo ya yi tsanani, ka ja likita gefe ka ce, "Likita, in shirya dangi?" Bayanin halin da jiki yake ciki nasa ne, kada ka karɓe masa, kada kuma ka yi alkawarin warkewa. Ka zauna a wurin lokacin da zai faɗa, domin bayan ya fita, wurinka tambayoyin za su dawo. Ka tuna wa majinyaci wasiyya da bashi tun yana iya magana. Kalmar shahada a hankali ake laƙƙana ta, ba da ɗaga murya ko naci ba, akwai wasu marasa lafiya a gadajen kusa. In rai ya yi halinsa, likita ne zai tabbatar, nas ta cire robobi da allurai, a rubuta takarda. Ka roƙi dangi su yi haƙurin wannan ɗan lokacin, kai kuma ka bi musu takardar don a samu yin jana'iza da wuri.