Abin da nake zubawa a but ɗin tsohuwar Peugeot kafin in bar Kumasi

Motata Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo. Baaba ya bar mini ita, kuma har yau ita ke kai ni Accra daga Aboabo idan harka ta taso. An fara ƙera irinta a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna. Ina son motar nan, shi ya sa ba na yarda ta kwana a daji.

Ga abin da na gane a kan hanyar nan mai kusan kilomita 250: masu gyara suna nan a kowane gari, Konongo, Nkawkaw, Suhum, duk za ka samu fita mai hannu. Kayan gyaran ne babu. Wata rana da almuru ta mutu mini gab da Nkawkaw. Wani dattijon fita ya zo, ya ɗaga bonet, ya cire murfin distirbita, wato na'urar da ke raba wa filogi wuta, minti biyar bai cika ba ya ce, "Alhaji, kwandansa ce ta ƙone. Kana da wata?" Na ce, "Masta, babu." Abu bai kai babban yatsa ba, amma sai da na kwana a garin, washegari yaro ya kawo mini daga Suame Magazine, unguwar masu gyara da sayar da kayan mota a Kumasi. Tun ranar na daina tafiya hannu rabbana.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin ka tashi, ka je Magazine, ko Abossey Okai in kana Accra, ka sayi kwantak, kwandansa, rota, filogi huɗu, fiyus, fanbel, matatar fetur da tiyon lagireto na sama da na ƙasa. Ka tafi da tsoffin a hannu a gwada, don kada a ba ka na wata mota. Ni dabarata ita ce in sa sabon a jikin mota, in ajiye tsohon da na san yana aiki a cikin gwangwanin madara. Sai sifana 10, 13 da 17, sifanar filogi, filaya, sukudireba, waya, robar tiyub da aka yanka dogo-dogo, tocila, igiyar ja, baƙin mai, man birki da jarkar ruwa.

Safaya kuwa, a 504 tana rataye ne a ƙarƙashin but, inda ido ba ya kaiwa. Ka sauke ta ka duba iska, ka shafa wa ƙarfen da ke riƙe ta mai. Ramukan ƙusoshinta ba su dacewa da na motocin yanzu, don haka babu wanda zai ara maka tasa. Ka haɗa da guntun katako mai faɗi na ɗora jak, saboda ƙasar gefen titi tana lumewa da damina.

In ta tsaya, kada ka fara da bonet. Ka gangara da ita can gefe tun tana da sauran gudu, ka fitar da iyali su tsaya nesa da kwalta, ka kai alamar nan mai kusurwa uku baya sosai. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Tema ba sa tsayawa nan take. In ka ƙara da ganye yadda aka saba, ka kwashe shi kafin ka tafi, don masu babur.

Daga nan ka tambayi kanka: wuta ce ko mai? Wadda ta ɗauke ɗif lokaci guda, yawanci wuta ce. Zare wayar tsakiya ta distirbita, ka riƙe ta da busasshen tsumma kusa da ƙarfen inji, wani ya murza maka makulli. In ba ka ga tartsatsi shuɗi ba, buɗe murfin, ka goge bakin kwantak da sanfefa, ka daidaita buɗinsa kamar milimita 0.4. Ya ƙi, canja kwandansa. Bayan ruwan sama kuma, sau da yawa laima ce kawai a cikin murfin, gogewa ta wadatar.

Wadda ta yi ta fizga tana shaƙewa kafin ta mutu, mai ne bai isa kafireta ba. Tsohon tanki yana da tsatsa, ita ke toshe matata, sai ka canja. In da tsakar rana ne bayan doguwar tafiya, jiƙa tsumma ka ɗora kan fanfon fetur, ka ba ta minti goma.

Zafi ne kaɗai nake tsoro. Allura ta haura, ka kashe inji nan take. Don Allah kada ka taɓa murfin lagireto sai an yi rabin awa. Na ga hannun da tururi ya saluɓe wa fata. In ta huce, duba fanbel, ka bi tiyo da yatsa. Inda ya tsage ka naɗe da roba, ka ɗaure da waya, ka zuba ruwa a hankali inji na aiki, sannan ka lallaɓa zuwa gari na gaba.

Ni da asuba nake tashi, da zarar an sallame salla, don ko me zai faru ya same ni da rana. Wayata cike da caji, lambar fitana na Magazine a rubuce a takarda cikin aljihu, da 'yan cedi a hannu na ladan wanda zai taya ni turi.