Yadda Ake Shuka Kalandula a Tukunya

Kalandula shuka ce mai fure ruwan ɗorawa ko ruwan lemu, wanda ake jiƙawa a mai don shafawa a fata. Samu tukunya mai zurfin santimita 20, ka huda gindinta, ka cika ta da ƙasa mai taki.

Binne irin a zurfin santimita 1, ka yayyafa ruwa. Cikin mako biyu zai tsiro. Ajiye ta a baranda ko bakin taga mai samun rana, sai dai kalandula ba ta jure zafi mai tsanani.

Da furen ya buɗe, tsinke shi bayan raɓa ta bushe. Za ka ji danƙo a yatsunka, shi ake nema. Tsinkar ma ita ke ƙara fure.

Shanya a inuwa har ya bushe ƙayau, don ɗanye yana ɓata mai. Jiƙa a man zaitun mako 4, ka tace. Ana shafawa a fata mai kaushi, amma fara gwadawa a ɗan wuri.