Kurakuran da ke ɓata katun ɗin lissafi na yara a Saudiyya

Ɗan Bahaushe a Makka ko Jidda da Hausa yake ƙirga a gida, amma littafin makarantarsa da alƙaluman Larabci aka buga shi. Masu haɗa gajeren katun na lissafi sukan manta da haka, kuma daga nan ɓarna ke farawa. Biyar ta Larabci (٥) zagaye ce kamar sifilin boko, sifili kuwa ɗigo ne, shida (٦) kuma ta yi kama da 7. A nuna wa ɗan aji ɗaya 0, sai ya ce biyar, kuma ba laifinsa ba ne. A zaɓi alƙaluman da ya sani a makaranta, a tsaya a kansu har ƙarshen fim. In dole sai an kawo na boko, a ware musu fim na daban.

Haka batun jeri. Littafinsa daga dama yake fara jimlar lissafi. A tarawa babu matsala, amma a ɗebewa, in aka jera daga hagu, bakwai a cire uku sai ta koma masa uku a cire bakwai. Baki ma da nasa: Hausa ta ce ashirin da ɗaya, Larabci kuwa ɗayan yake fara faɗa. Mai murya ya riƙe harshe guda, kuma alƙalamin da yake ambata ya yi haske a daidai lokacin.

Kuskure na gaba shi ne zane ya yi rawa, lissafi ya tsaya a gefe. Raƙumi na tsalle, kiɗa na tashi, sai amsa ta faɗo daga sama. Motsin ne ya kamata ya yi lissafin: dabino huɗu a faranti, uku su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙirgarsa. In sun wuce huɗu kada a watsa su barkatai, don idon yaro ba ya kama yawansu sai ya ƙirga. A jera su biyar-biyar. Ciniki a kanti ma na aiki, amma a tsaya a riyal cikakke, halala, wato ƙaramin canjin riyal, ta jira.

Sai gaggawa. Bayan tambaya a bar sakan huɗu ko biyar, babu kiɗa babu magana, yaro ya amsa da bakinsa.

A fara naɗar murya, ko da manhajar naɗar sauti ta Audacity ce, sannan a zana a kanta. Wanda ya fara da zane zai ga dabino na biyar ya shigo murya na cewa uku. Zane 12 a sakan ya isa, minti uku ke nan zane 2,160, don haka a maimaita motsin tafiya da na baki. Manhajojin zanen katun irin su Krita da OpenToonz kyauta ne. Kafin a saki, a tura fim ɗin ta WhatsApp a duba a ƙaramar waya, domin matse bidiyo kan cinye siririn rubutu, ɗigon sifili ya ɓace, goma ta zama ɗaya.