Darasi: Magungunan Ciwon Kai Mai Zuwa a Jere

Akwai wani ciwon kai da likitoci ke kira kilasta. Ba shi da yawa, kusan mutum 1 cikin 1,000 yake kamawa, kuma ya fi kama maza. Gefe ɗaya yake riƙewa, a cikin ido ko kewayensa. Idon ya yi ja, ya riƙa zubar da hawaye, hancin wannan gefen ya toshe ko ya yi ta yoyo, wani lokaci fatar idon ta sauko. Masu fama da shi suna cewa kamar an soka musu ƙarfe mai zafi a ido. Mai ciwon ɓarin kai yakan nemi ɗaki mai duhu ya kwanta shiru. Mai kilasta kuwa ba ya iya zama, sai kai da komo yana dafe da kai.

Idan ya taso yakan ɗauki minti 15 zuwa awa 3, kuma yana iya tasowa har sau 8 a rana ɗaya, sau da yawa cikin dare bayan mutum ya yi barci. Haka zai yi ta zuwa na tsawon makonni ko 'yan watanni, sannan ya ɗauke, wani lokaci har shekara. A wurin wasu kuma ba ya ba da hutu mai tsawo.

Ku riƙe wannan lissafin lokacin da kyau, domin shi ne ke raba maganin da ke aiki da wanda ba ya yi.

Me ya sa ƙwaya ba ta isa?

Ƙwayar da aka haɗiya sai ta sauka ciki, ta narke, sannan ta shiga jini. Wannan kan ɗauki rabin awa ko fiye. Shi kuma ciwon cikin 'yan mintoci yake kai ƙololuwa. Shan farasitamol ko ibufurofen a nan ihu ne bayan hari. Wani zai ce ai ya sha ya ji sauƙi, alhali ciwon ne ya gama lokacinsa ya tafi da kansa. Tiramol da kodin kuwa sun fi muni: ba sa kashe wannan ciwon, ga shi suna kama jiki har mutum ya kasa bari.

Masu kashe ciwon idan ya taso

Na farko iskar oksijin ce zalla. Ana shaƙarta daga tukunyar iska ta abin rufe hanci da baki mai 'yar jaka a ƙasansa, a buɗe ta zuwa lita 12 zuwa 15 a minti ɗaya, a yi minti 15 zuwa 20. Mutum ya zauna, ya ɗan sunkuyo gaba, ya fara da zarar ya ji alamar ciwon. Wannan siririn bututun da ake saƙalawa a ƙofar hanci ba ya kawo iskar da ta isa, kuma mutane da yawa da suka ce oksijin bai yi musu aiki ba, da shi aka gwada musu. Alherin oksijin shi ne ana iya maimaita shi sau da yawa a rana, kuma mai ciwon zuciya ma yana iya amfani da shi. Sai dai a kiyaye abu biyu. Oksijin yana hura wuta, don haka babu sigari, babu ashana, babu murhu kusa da tukunyar. Mai tsohon ciwon huhu kuma kada ya fara sai likita ya duba shi.

Na biyu allurar sumatiriftan ce, miligiram 6, wadda ake yi a ƙarƙashin fata. Tana zuwa a cikin wani abu mai kama da biro, mara lafiya ya yi wa kansa a cinya. Ga mafi yawan mutane ciwon kan lafa cikin minti 15. Ƙa'idarta ita ce kada a wuce allura 2 cikin awa 24, kuma a bar aƙalla awa ɗaya tsakaninsu. Wannan magani yana tsuke hanyoyin jini, shi ya sa bai dace da mai ciwon zuciya ba, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba. Wanda ke tsoron allura akwai na fesawa a hanci, sumatiriftan ko zolmitiriftan. Suna aiki, amma ba su kai allura sauri ba.

To, mai ciwon da ke taso masa sau 5 a rana, allura 2 za ta yi masa me? A nan ne kashi na biyu ya shigo.

Masu hana shi tasowa

Babbansu berafamil. Asalinsa maganin hawan jini da zuciya ne, kuma shi likitoci suka fi farawa da shi. Ana shansa kullum muddin ana cikin zangon ciwon, ko an ji ciwo ko ba a ji ba. Yawanci ana farawa da miligiram 240 a rana, a raba shi sau uku, likita ya riƙa ƙarawa a hankali. Da yake yana iya rage saurin bugun zuciya, ana yin gwajin bugun zuciya da na'ura kafin a fara da kuma duk lokacin da za a ƙara. Wannan gwajin ba ɓata lokaci ba ne, kada a tsallake shi. Maganin kan kawo taurin bayan gida da kumburin ƙafa. Kuma yana da nawa, sai ya yi mako biyu ko fiye kafin a ga amfaninsa.

Saboda wannan nawar, likita kan haɗa da firednisolon na ɗan gajeren lokaci don ya riƙe ciwon kafin berafamil ya kama. Yana aiki da sauri, amma ba maganin dogon zango ba ne: yana tayar da suga da hawan jini, yana taɓa ciki, yana raunana ƙashi. Ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa. Wata hanyar ita ce allura a ƙeya, kusa da wata jijiya da ke bayan kai, wadda kan ba da sauƙi na 'yan makonni.

Idan berafamil bai karɓi mutum ba, akwai litiyam, musamman ga wanda ciwonsa ba ya hutu. Shi sai da gwajin jini a kai a kai, don tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa kaɗan ce, kuma ana lura da ƙoda. Mai shansa ya guji ibufurofen da dikulofenak, domin suna tara shi a jini. Akwai kuma tofiramet, wanda ke iya cutar da ɗan tayi, don haka mai juna biyu ko mai shirin ɗaukar ciki ta faɗa wa likita tun farko. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar Emgality, sau ɗaya a wata, ga masu irin kilastan da ke zuwa yana tafiya.

Barasa tana tayar da ciwon cikin ɗan lokaci idan ana cikin zangonsa. Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da mutuwar hannu ko ƙafa, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti nan take.

Aikin gida

Ku ja layi huɗu a littafinku. A na farko ku rubuta rana, a na biyu ƙarfe nawa ciwon ya fara da ƙarfe nawa ya tafi, a na uku wane gefe ne, a na huɗu maganin da aka yi da mintocin da ya ɗauka kafin sauƙi ya zo. Mai wannan ciwo ya cika shi na mako biyu, ya tafi da shi wurin likita tare da kwalayen duk magungunan da yake sha.